Kim Scott: Mai Hasken Fata, Mai Rubutu da Turanci, Ta Ina Ya Zama Marubucin Aborijin?

"Malam, barka da ƙoƙari. A darasinmu na adabin duniya an ambaci wani Kim Scott, aka ce marubucin ƙagaggun labarai ne daga cikin 'yan asalin Ostiraliya, kuma farfesa ne. Da na nemo hotonsa sai na ga mutum fari kamar Bature, littattafansa kuma duk da Turanci. To ta ina ya zama ɗan asalin ƙasa? In kuma da gaske kishin mutanensa yake yi, me ya hana shi rubutu da harshensu? Sannan wane aiki ne farfesan rubuta labari yake yi a jami'a?"

Malama, tambayoyinki uku ne, amma jijiyarsu ɗaya. Kin ga fata, kin ga harshe, sai kika ɗauke su a matsayin hujja a kansa. Ni kuwa abin da zan nuna miki shi ne hasken fatar nan da Turancin nan ba shi ya zaɓe su ba. Gwamnati ce ta zauna ta tsara a yi wa danginsa haka, da doka da ofis da ma'aikata masu albashi. Kusan duk abin da Kim Scott ya rubuta, da aikin da yake yi a jami'a, bin sawun wannan tsari ne da neman abin da ya tsira daga gare shi. Don haka sai mun fara da tarihin kafin mu zo kan mutumin.

Mutanen Noongar da dokar 1905

Kalmar Aborijin babbar rumfa ce. Lokacin da Turawan Ingila suka sauka a 1788, harsunan da ake yi a nahiyar sun haura 250, kowace al'umma da ƙasarta da dokokinta. Kim Scott ɗan Noongar ne, mutanen kusurwar kudu maso yammacin Ostiraliya, inda birnin Perth yake a yau. A cikin Noongar ɗin ma danginsa su ne Wirlomin, na gaɓar tekun kudu, gabas da garin Albany. Idan aka tambaye shi, da wannan sunan yake fara gabatar da kansa.

Yankin Noongar na cikin wuraren da Turawa suka cika da wuri, suka mayar da shi gonakin alkama da makiyayar tumaki. A 1905 jihar Yammacin Ostiraliya ta kafa dokar da ta ƙirƙiro wani jami'i mai suna Babban Mai Kare Aborijin. Sunan da daɗin ji. Aikinsa kuwa shi ne zama waliyyin kowane yaro ɗan asalin ƙasa har ya kai shekara 16, ko da iyayensa na raye, kuma yana da ikon ɗauke shi ya kai shi inda ya ga dama. Macen Aborijin ba ta auren wanda ba Aborijin ba sai da izininsa. An buɗe sansanoni irin su Carrolup a 1915 da Moore River a 1918, inda ake tara mutane a raba yara da iyayensu, a koya wa 'yan mata aikatau a gidajen Turawa, maza kuma aikin gona. A irin waɗannan wurare yaron da ya yi harshen uwarsa hukunci yake sha. Daga 1927 zuwa 1954 tsakiyar birnin Perth haramtacciya ce ga ɗan Aborijin in ba shi da takardar izini.

Mutumin da ya fi daɗewa a kan wannan kujera shi ne A. O. Neville, daga 1915 zuwa 1940. Neville yana da aƙida, kuma bai ɓoye ta ba. A ganinsa Aborijin na asali za su ƙare da kansu, matsalar ita ce 'yan ruwa biyu, waɗanda galibi Turawa suka haifa da matan ƙasar. Maganinsa shi ne a raba yaran da danginsu, a aurar da masu haske ga waɗanda suka fi su haske, zuriya bayan zuriya, har baƙin ya wanke. Ma'aikatansa na lissafa jinin mutane kamar masu rabon gado, wannan rabi, wannan rubu'i, wancan sumuni, a rubuta a fayil. A 1936 aka ƙara masa iko, waliccin ya kai har shekara 21. A taron jami'an kula da Aborijin da aka yi a Canberra a 1937 ya fito fili ya ce burin shi ne a narkar da su cikin farar fata har a manta an taɓa yin Aborijin a ƙasar. A littafin da ya buga a 1947 ya sa hoton kaka da 'ya da jika a jere, kowane ya fi na gabansa haske, don nuna cewa dabarar tana ci.

Akwai kuma dokar 1944, wadda ta ba ɗan Aborijin damar neman takardar zama cikakken ɗan ƙasa, da sharaɗin ya tabbatar wa alƙali cewa ya yanke hulɗa da danginsa na ƙabila kuma yana rayuwa irin ta Turawa. Mutane da yawa sun karɓa don 'ya'yansu su shiga makaranta, ko don kada a ɗauke su. Wasu iyalan suka daina faɗar asalinsu kwata-kwata.

To kin ga inda fatar ta fito. Shi ya sa a Ostiraliya ta yau tambayar "kashi nawa ne jininka" zagi ce, domin tambayar Neville ce. Tun shekarun 1980 ma'aunin da hukumomi ke amfani da shi sharuɗɗa uku ne: mutum ya fito daga zuriyar Aborijin, ya ɗauki kansa ɗan Aborijin, kuma al'ummar da yake dangantawa da ita ta karɓe shi. Launi ba ya ciki. Sharaɗi na ukun shi ne mai nauyi, kuma ba wasa ake yi da shi ba: a 1996 an yi babbar taƙaddama kan wani fitaccen marubuci, Mudrooroo, wanda ya daɗe ana ɗaukarsa ɗan Noongar, da bincike a kan zuriyarsa ya jawo shakku. Kim Scott dattawan Wirlomin sun san kakanninsa da sunayensu, kuma tare da su yake aiki.

Malamin sakandare da ya shiga fayilolin gwamnati

An haife shi a Perth a 1957, ya tashi a Albany. Mahaifiyarsa Baturiya ce, mahaifinsa ɗan Noongar. Uban ya gaya masa ya yi alfahari da asalinsa, amma abin da zai iya miƙa masa na harshe da labarin dangi kaɗan ne, kuma ya rasu da sauran ƙuruciyarsa. Kim ya yi karatu a Jami'ar Murdoch, ya zama malamin Turanci a sakandare. Koyarwa ta kai shi can arewa, yankin Kimberley, wani ƙauyen Aborijin da ya taso a hannun 'yan mishan. A can ya ga mutanen da harshensu da ƙasarsu ba su kuɓuce musu kamar na kudu ba, ya kuma ga yadda su da Turawan wurin suke rasa inda za su ajiye shi. Daga nan littafinsa na farko ya fito, True Country, a 1993. Littafi ne mai kyau amma na mai koyon tafiya, ba zan tsaya a kansa ba.

Benang, wanda ya fito a 1999, shi ne ya girgiza mutane. Kafin ya rubuta shi ya yi shekaru yana karanta fayilolin ma'aikatar Neville: wasiƙun 'yan sanda, rahotannin masu duba sansani, takardun da iyaye suka rubuta suna roƙon a dawo musu da 'ya'yansu. Mai ba da labarin wani saurayi ne, Harley, wanda kakansa, Ernest Scat, ɗan Sukotlan mai bin aƙidar Neville, ya raina. Bayan hatsarin motar da ya kashe mahaifinsa, Harley ya ci karo da takardun kakan, ya gano cewa shi kansa sakamakon gwaji ne. Tsohon ya tsara aure da haihuwa a cikin dangin don ya samar da farin mutum na farko a zuriyar, kuma Harley ne wannan nasarar.

Abin da Scott ya yi da wannan shi ne ya sa nake koyar da littafin. Harley ba ya iya tsayawa a ƙasa. Da zarar ya saki jiki sai ya tashi sama yana shawagi, saboda an cire masa duk abin da zai ba shi nauyi. Sai wasu kawunnansa biyu, Jack da Will, suka ɗauke shi suna zagayawa da shi ƙasar kakanni, suna nuna masa inda aka yi kaza, inda aka binne wane, inda aka harbe su wane. Labarin ba ya tafiya a miƙe. Yana gaba yana baya, sunaye na maimaituwa, mai karatu na ɓacewa a cikin dangantaka. Ɗalibaina kan yi ƙorafi a kan haka, ni kuma nakan ce musu su lura da wanda yake da labari miƙaƙƙe a littafin: Ernest ne, mai jadawalin zuriya da ke tafiya daga baƙi zuwa fari ba tare da waiwaye ba. Scott ya ƙi bin wannan layi da gangan. Ya kuma cusa ainihin kalaman Neville da na fayilolin a cikin labarin, ya bar su su tona wa kansu asiri. Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, littafin yana da nauyi, shafi wajen 500 ne, kuma akwai wuraren da ruɗanin ya wuce abin da dabarar take buƙata.

A 2000 Benang ya ci kyautar Miles Franklin, babbar kyautar ƙagaggun labarai ta Ostiraliya, tare da littafin Thea Astley. Tun da aka fara bayar da ita a 1957, shekarar da aka haife shi, ba a taɓa ba ɗan asalin ƙasa ba sai a kansa. Lokacin ma ya dace: a 1997 rahoton hukumar kare haƙƙin ɗan Adam kan yaran da aka raba da iyayensu ya fito, gwamnatin John Howard kuma ta ƙi neman gafara. Sai a watan Fabrairun 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafarar a majalisa.

Bayan Benang ya yi abin da a ganina ya fi kyautar muhimmanci. Ya je ya zauna gaban wata dattijuwar danginsa ta wajen uba, Hazel Brown, tana faɗa yana ɗauka. Littafin da suka fitar a 2005, Kayang and Me, muryoyi biyu ne: ita tana ba da tarihin dangi yadda ta ji daga manya, shi kuma yana kawo abin da takardun Turawa suka ce, yana kuma faɗar inda shi kansa yake jin bai cika ba. Wani wurin bakinsu ya zo ɗaya, wani wurin ta ƙaryata takarda. Sunanta na kan bangon littafin daidai da nasa.

Rawar da aka kwaikwaya daga fareti

Littafinsa da ya fi yaɗuwa shi ne That Deadman Dance na 2010, wanda ya sake ci masa Miles Franklin a 2011. A nan ya koma farkon haɗuwa. A ƙarshen 1826 Manjo Edmund Lockyer ya kafa ƙaramin sansanin soja a inda Albany take yanzu. Turawan 'yan kaɗan ne, ba su san inda ruwa yake ba, ba su san daji ba, don haka dole suka yi zaman lafiya da masu ƙasa. Masana tarihi na kiran shekarun nan da iyakar zumunci, wato bakin iyakar da baƙi da masu ƙasa suka haɗu cikin zaman lafiya. Wani ɗan Noongar mai suna Mokare ya zama jagoransu kuma abokin likitan sansanin, Alexander Collie. Mokare ya rasu a 1831, da Collie ya zo mutuwa a 1835 sai ya yi wasiyya a binne shi kusa da abokinsa. Wannan ya faru da gaske, kuma a daidai shekarun da a wajen Perth ake zubar da jini: an kashe jarumin Noongar Yagan a 1833 aka kai kansa Ingila, aka yi kisan kiyashin Pinjarra a 1834 ƙarƙashin Gwamna Stirling.

Rawar da ke cikin sunan littafin ita ma tana da asali. A 1801 jirgin ruwan Matthew Flinders, Baturen Ingila mai binciken gaɓar teku, ya tsaya a wannan gaɓa, sojojinsa suka yi fareti a bakin teku, mutanen Noongar suka tsaya suna kallo. Sai suka ɗauki taurin jikin sojan da yadda yake saɓa bindiga suka mayar rawa. Kimanin shekara ɗari bayan haka Daisy Bates, wata Baturiya mai tattara al'adun Aborijin, ta tarar da wani tsoho, Nebinyan, yana riƙe da ita.

Scott ya ɗauki wannan a matsayin shaidar ƙarfin zuciya. Mutanen da suka ga baƙon abu suka mayar da shi wasa ba mutanen da suka firgita ba ne. Jarumin littafin, Bobby Wabalanginy, yaro ne mai wayo da barkwanci, ya koyi Turanci da rubutu, ya shiga jiragen Amurkawa masu farautar wel, babbar dabbar tekun nan da ake kashewa don kitsenta, yana ganin duniya ta buɗe masa. Garin Albany da Scott ya tashi a ciki bai daina wannan farauta ba sai 1978, don haka warin sana'ar ba a littafi ya san shi ba. A hankali tumaki suka yi yawa, aka kafa shinge a bakin ruwa, dabbobin tekun suka ƙare, baƙin da aka ciyar jiya suka fara kiran masu ƙasa ɓarayi. Likitan kirki na cikin labarin, mai kama da Collie, ya mutu, aka tone ƙasusuwansa aka mayar maƙabartar Turawa, kabarin abokinsa kuma aka bar shi a wulaƙance. A ƙarshe Bobby ya tsaya gaban manyan garin ya yi musu rawa, yana da yaƙinin za ta sauya musu zuciya kamar yadda take yi a da, su kuwa suka kau da kai.

Wasu sun soki littafin da cewa ya yi wa Turawa sassauci. Ban yarda ba. A ajina na lura cewa labarin kisan kiyashi ɗalibai kan karanta shi su yi tsaki su wuce, domin sun riga sun san yadda zai ƙare. Wannan kuwa yana hana su sakat, saboda ya nuna an taɓa samun wata hanyar zama tare, an gan ta, an ɗanɗana, sannan aka zaɓi a bar ta lokacin da ba a buƙatar masu ƙasa kuma.

Me ya hana shi rubutu da Noongar?

Na san inda tambayar nan ta samo asali. Mu nan mun tashi da muhawarar Ngugi wa Thiong'o, wanda ya bar Turanci ya koma Gikuyu, da Chinua Achebe, wanda ya ce zai lanƙwasa Turancin ya ɗauki kayansa. Amma hujjar Ngugi ta tsaya ne a kan miliyoyin masu jin Gikuyu da ke jiran littafi. Mutanen Noongar sun kai dubu talatin ko fiye, sai dai a ƙidayar 2016 waɗanda suka ce suna yin harshen a gida ba su kai 500 ba. Scott da kansa da Turanci ya buɗe baki, Noongar da girmansa ya koye shi. In ya rubuta labari mai shafi 400 da Noongar, yawancin danginsa ma ba za su iya karantawa ba. Abin da ke gabansa ya fi zaɓen harshen rubutu wuya: sai an fara dawo da harshen bakin mutane.

Nan ne aikinsa na biyu ya shigo. A 1931 wani ɗalibin ilimin harsuna daga Jami'ar Chicago, Gerhardt Laves, ya zauna a Albany da wasu mazan Noongar, suka ba shi labarai da harshensu ya rubuta da alamomin sauti. Ya koma Amurka, ya bar fagen ilimin harsuna, takardun suka yi shekaru da dama a ajiye a gidansa. A shekarun 1980 aka dawo da su cibiyar nazarin al'amuran Aborijin da ke Canberra. Mutanen da suka ba Laves labaran kuwa 'ya'yansu da jikokinsu na nan da rai, su Roberts da su Winmer da sauransu.

Scott da dattawan suka kafa ƙungiyar farfaɗo da harshe da labaran Wirlomin, kuma tsarin da suka bi shi ne abin koyo. Ba su fara da bugawa ba. Sun fara da mayar wa kowane gida labarin kakansa, hannu da hannu, a taron da ba a gayyaci bare ba. Sai a zauna a karanta rubutun Laves da ƙarfi, tsofaffin da suka ji harshen suna yara su gyara furuci, su ce ba haka ake faɗa ba, ko su tuno wani yanki da Laves bai rubuta ba. Sai a zana hotuna, a je ainihin wurin da labarin ya ambata, dutse ne ko bakin kogi, a faɗe shi a can. Bayan dangi sun riƙe abinsu, sannan a kai makarantu, a ƙarshe a buga wa duniya. Littattafan farko, Mamang da Noongar Mambara Bakitj, sun fito a 2011 daga maɗaba'ar Jami'ar Yammacin Ostiraliya, da Noongar da Turanci, da sunan zuriyar masu labarin a bango. Wasu huɗu sun biyo baya a 2013 da 2017. Kin ga ashe yana rubutu da harshensu, sai dai ba shi kaɗai yake sa hannu ba.

Wannan ya taɓa ni ta wajen aikina. Na yi amfani da tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913, kuma kowa ya san malamai ne suka rubuta masa su da ajami, amma sunan Edgar muke kira. Mu masu bincike mun saba mu ɗauko abu daga ma'ajiyar tarihi mu kai shi mujallar ilimi kai tsaye, ba tare da ya bi ta ƙofar gidan da ya fito ba. Tun da na san tsarin Wirlomin nake tambayar ɗaliban da nake duba kundinsu: tsohuwar da ta ba ka waƙar nan, ka koma ka karanta mata abin da ka rubuta? Sai dai kada mu yi saurin cewa halinmu ɗaya da Noongar. Hausa ba ta cikin haɗari. In ana neman masu irin ciwonsu a wajenmu, ƙananan harsunan Bauchi da Filato ne, waɗanda Hausar ce ma take haɗiye su.

Aikin farfesa, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Ya yi digirin digirgir a fannin ƙagaggen rubutu a Jami'ar Yammacin Ostiraliya, kuma a 2011 aka naɗa shi farfesan rubutu a Jami'ar Curtin da ke Perth. A jami'o'in Ostiraliya ana karɓar ƙagaggen littafi a matsayin bincike, in an haɗa shi da sharhin ilimi da ke bayyana tambayar da marubucin ya bi da hanyar da ya bi ta. Farfesa irinsa yana duba ɗalibai masu irin wannan digiri, yana rubuta maƙalu, yana neman kuɗin bincike. Kujerar ta ba shi abin da ƙungiyar dangi ba ta da shi: ƙofar shiga ma'ajiyar takardu, da kuɗin motar da za ta kai tsofaffi daji. Yana cikin waɗanda suka jagoranci Noongarpedia tare da Farfesa Len Collard, yunƙurin gina kundin sani na intanet da harshen. Wani ɗan Wirlomin da ya taso cikin wannan aiki, Clint Bracknell, ya zama masanin tsofaffin waƙoƙin Noongar, kuma shi da Kylie Bracknell suka yi aikin mayar da wasan Macbeth zuwa Noongar, aka nuna shi a Perth a 2020 ba tare da Turanci ba.

Littafinsa na 2017, Taboo, daga wannan aiki ya tsiro. A 1880 an kashe wani Bature, John Dunn, a Cocanarup kusa da Ravensthorpe, aka rama da kashe mutanen Noongar masu yawa, har zuriyarsu suka ƙaurace wa wurin fiye da shekara ɗari. A 2015 aka buɗe wurin tunawa a can. Labarin ya bi wata tawagar Noongar ta yau da ta koma irin wannan wuri, tare da wata yarinya 'yar makaranta, Tilly. Abin da na yaba shi ne bai yi wa mutanensa kwalliya ba. Akwai shaye-shaye, akwai kurkuku, akwai cin zarafin mata, akwai wanda ke fakewa da al'ada yana cuta. Harshen da suke farfaɗowa ma guntu-guntu ne, suna yi suna tuntuɓe suna dariyar junansu.

Iyakar abin kuma a fili take. Littattafan yara shida ba sa mayar da harshe bakin jarirai, kuma har yanzu Noongar harshe ne da akasari ake koyo a aji. Yarjejeniyar ƙasa da Noongar suka ƙulla da gwamnatin jiha, wadda ta shafi murabba'in kilomita kusan 200,000 da kimanin dalar Ostiraliya biliyan 1.3, ta fara aiki a 2021, amma ta raba kan mutanen, domin sharaɗinta shi ne su janye da'awar mallakar gargajiya a kotu. Bayan Scott, Alexis Wright ta ci Miles Franklin a 2007 da 2024, Melissa Lucashenko a 2019, Tara June Winch a 2020, duk 'yan asalin ƙasa. Amma a 2023, da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan a ba Aborijin majalisar ba da shawara a tsarin mulki, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a. Masu ba da kyautar adabi da masu jefa ƙuri'a ba taro ɗaya ba ne. Ni kuma daga nesa nake karanta shi, ta takarda. Hukuncin ko ya riƙe amanar labaran Wirlomin na 'yan Wirlomin ne, su da suke zama da shi a taron da ba a gayyatar bare.

In za ki karanta shi, Malama, kada ki fara da Benang. Ki fara da That Deadman Dance, ki jure shafukan farko inda lokaci ke tsalle, za ki saba. Daga nan ki nemi Kayang and Me, domin a can ne ya amsa tambayarki ta fata da bakinsa, Hazel Brown kuma ta jero masa kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Benang ki bar shi sai kin samu hutu, ki kuma ajiye takarda a gefe kina zana bishiyar dangin yayin da kike tafiya, in ba haka ba su Sandy guda biyu da ke ciki za su rikita ki.